Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ya kashe mutanen gidan gonar Hinterkaifeck?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon tambayoyin da suka fi yawa a akwatinmu duk a kan abu ɗaya ne, labarin wani gidan gona a ƙasar Jamus da aka kashe mutum shida a dare ɗaya yau fiye da shekara 100 kuma har yanzu ba a san wanda ya aikata ba. Da alama labarin na ta yawo a wayoyinku. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri don kusan duk tambayar ɗaya ce.

Tambaya: Anti barka da aiki. Dan Allah wani labari ne nake ta gani a Facebook wai a Jamus an kashe mutanen gida kaf kuma wanda ya kashe su ya zauna a gidan yana cin abincinsu yana ba shanu ciyawa, ni dai na kasa yarda, da gaske ne ko ƙirƙira ce irin ta 'yan intanet? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar uwa da gaske ne wallahi, kuma abin da ya faru ya ma fi yadda ake yaɗawa ciwo. Sunan gidan Hinterkaifeck, yana yankin Bavariya a kudancin Jamus, kamar kilomita 70 arewa da birnin Munik, tsakanin garuruwan Ingolstadt da Schrobenhausen. Gida ne guda ɗaya tilo a gefen daji, ƙauyen da ya fi kusa da shi sunansa Gröbern, kuma irin ginin nan ne na manoman can da ɗakunan kwana da wurin shanu da ɗakin tara ciyawa duk rufi ɗaya ya haɗa su, kina iya fita daga kicin ki isa wurin dabbobi ba tare da kin taka tsakar gida ba. Ki riƙe wannan don zai yi mana amfani a gaba.

Mutanen gidan su ne maigida Andreas Gruber mai shekara 63, da matarsa Cäzilia mai 72, da 'yarsu Viktoria Gabriel mai 35 wadda mijinta ya mutu a yaƙi, da 'ya'yanta biyu, ƙaramar Cäzilia 'yar shekara 7 da Josef ɗan shekara 2. Ta shidan 'yar aiki ce, Maria Baumgartner mai shekara 44, wadda a ranar ta fara aiki a gidan, 'yar uwarta ce ma ta rako ta da yamma ta ɗan zauna ta koma gida. Ranar Juma'a ce 31 ga Maris 1922. A daren nan aka kashe su duka da wata irin diga da manoma ke tone saiwar itace da ita, huɗu a ɗakin ciyawa wato tsohon da tsohuwar da Viktoria da yarinyar, kuma masu bincike na ganin ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shiga wurin ana sare su, daga nan aka shiga cikin gida aka kashe 'yar aikin a ɗakinta aka kashe ɗan yaron a gadonsa. Likitan da ya duba gawarwakin ya ce yarinyar ba nan take ta mutu ba, ta yi sa'o'i a kwance cikin ciyawa kusa da gawar uwarta, an same ta da gashin kanta a hannu ta tuttuge shi. Wannan wurin duk sanda na karanta sai na ajiye na tashi.

Toh sai maganar zama a gidan. Sai ranar Talata 4 ga Afrilu aka gano gawarwakin, kuma a tsakanin kwanakin nan mutane sun ga hayaƙi na fita ta bututun gidan, an samu shanu a ƙoshe ba su galabaita ba, an cinye burodin gidan an yanki naman da aka ajiye. Wani mutum da ya bi ta gefen gidan da daddare ranar Asabar ya ba da shaidar cewa ya ga an hura wuta kuma wani ya nufo shi da fitila ya haske masa ido har bai ga fuskarsa ba, shi kuma ya yi gaba da sauri. Kin ga kenan ba ƙirƙira ba ce, akwai wanda ya ci gaba da kula da gidan alhali gawa shida na kwance a ciki.

Tambaya: Anti ni fa a ganina aikin aljanu ne, tunda an ce tun kafin abin ya faru ana jin takun sawu a saman rufi kuma tsohuwar 'yar aikinsu ta gudu saboda tsoro, sannan an ga sawun ƙafa ya shigo gidan bai fita ba. Mutum zai iya haka? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ƙanina mutum ne, kuma mutum mai jin yunwa tunda ya ci burodi. Gaskiya ne 'yar aikin da ta gabata ta bar gidan kamar wata shida kafin nan kuma ana yawan cewa motsin da take ji a sama ne ya kore ta. Gaskiya ne kuma maƙwabta sun faɗa wa 'yan sanda cewa kwanaki kaɗan kafin kisan Andreas ya ba su labarin ya ga sawu a kan dusar ƙanƙara daga daji zuwa ƙofar ɗakin injinsa wadda kwaɗonta ya lalace amma bai ga sawun komawa ba, ya tsinci wata jaridar Munik a harabar gidan alhali babu mai sayen irinta a yankin, makullin gida ya ɓace, da dare sun ji tafiya a sama ya hau ya duba bai ga kowa ba. Amma ka lura duk abubuwan nan babu wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam. Sawu ya shiga bai fita ba ai ma'anarsa mai sawun yana ciki, shikenan. Kuma ka tuna na ce rufi ɗaya ne ya haɗa ko'ina, wanda ya hau ta ɗakin ciyawa zai iya rarrafawa har saman ɗakin kwana. Wani abu kuma, waɗannan labaran duk daga bakin maƙwabta suka fito bayan mutanen sun mutu, shi Andreas bai taɓa kai ƙara wurin 'yan sanda ba, an ma yi masa tayin bindiga ya ce ba ya so.

Su ma Jamusawan lokacin ba su tsira daga irin tunaninka ba fa. Bayan likita Johann Baptist Aumüller ya gama binciken gawa a cikin ɗakin ciyawar nan, sai aka cire kawunan mamatan aka tafi da su don ƙarin bincike, har aka kai su gaban masu duba ko za su hango wanda ya yi kisan, babu abin da ya fito. Haka aka binne bayin Allahn nan ba kai, su kuma ƙoƙunan kan daga baya suka ɓace, ana kyautata zaton a hargitsin yaƙin duniya na biyu ne. Wannan ya ba ni haushi sosai don an wulaƙanta gawa kuma an yi asarar hujja a banza.

Tambaya: Anti ba sai an wahala ba, maƙwabcin nan ne da ya fara ganin gawarwakin. Duk wanda ya karanta labarin ya san shi ne. Me ya sa ba a kama shi ba? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan uwa a hankali dai. Na san wanda kake nufi, Lorenz Schlittenbauer, manomi ne a Gröbern kuma kamar mai unguwar ƙauyen ne a lokacin, kuma ba kai ka fara zarginsa ba, tun yana raye ake nuna shi da yatsa. Bari in faɗi abin da ya sa ake zarginsa tsakani da Allah sannan in faɗi abin da ya sa ni ba zan ce shi ne ba.

Akwai wani abin kunya a gidan Gruber da duk yankin ya sani, a 1915 kotu ta samu Andreas da 'yarsa Viktoria da laifin kwanciya da juna, shi aka ɗaure shi shekara ɗaya ita wata ɗaya. Ni dai a nan ina ganin zalunci ne aka yi wa yarinya tun tana ƙarama a hannun ubanta sannan aka haɗa ta da shi a hukunci, amma haka dokar lokacin ta yi. Bayan matar Schlittenbauer ta farko ta rasu a 1918 sai ya fara neman Viktoria har da maganar aure, tsohon ya hana, a 1919 aka haifi Josef kuma Schlittenbauer ya amsa cewa ɗansa ne a takarda duk da ya yi ta kai da komo a kan maganar don shi kansa yana zargin na Andreas ne. Kenan akwai tsohuwar gaba, akwai maganar kuɗin ciyar da yaro, akwai kishi. Sannan ranar da aka gano gawarwakin shi ne ya jagoranci maƙwabta biyu suka shiga, su biyun suka firgita suka fito waje, shi kuwa ya ci gaba da janye gawa daga cikin ciyawa ya wuce cikin gida shi kaɗai ya buɗe musu ƙofar gaba da makulli, alhali an ce makullin gidan ya ɓace kwanakin baya. Da aka tambaye shi sai ya ce ɗansa yake nema. Gidansa kuma ba nisa, zai iya zuwa ya ba dabbobi abinci ya koma babu wanda ya lura.

Duk wannan na ji. Amma ka ɗauke su ɗaya-ɗaya ka gani, uban da ya ga gawa huɗu kuma ya san akwai ɗan shekara biyu a ciki me kake so ya yi in ba ya ruga ciki ba? Makulli zai iya kasancewa a jikin ƙofar ta ciki, shi ma abin da ya ce kenan. Rashin firgita ba hujja ba ce, akwai masu taurin rai a kowane gari, su ake kira in an yi gobara ko wani ya faɗa rijiya. 'Yan sanda sun yi masa tambayoyi ba sau ɗaya ba kuma ba su samu abin da za su kai shi kotu da shi ba, shi ne ma ya riƙa kai ƙarar masu kiransa da makashin Hinterkaifeck yana cin nasara a kansu har ya mutu a 1941. Mutumin nan ya yi kusan shekara 20 yana zaune a ƙauyen da ake raɗa in ya wuce, in shi ne ya tsira daga hukuncin duniya, in kuwa ba shi ba ne an cuce shi an cuci 'ya'yansa da jikokinsa. Shi ya sa iyayenmu ke cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne wannan ba aikin baƙo ba ne. Da farko 'yan sandan Munik ƙarƙashin sufeto Georg Reingruber sun ɗauka fashi ne, suka yi ta kama masu yawon neman aiki da mabarata don lokacin bayan yaƙi ne talauci ya yi yawa, sai kuma aka samu kuɗi masu yawa a cikin gidan ba a taɓa ba. Ɓarawon da ya yi kwana uku a gida zai bar kuɗi? Kuma wane ɓarawo ne zai damu da yunwar saniya? Wanda ya san cewa in shanu suka fara kuka maƙwabta za su jiyo shi ne zai ba su ciyawa, wanda ya san aikin gona, ya san inda diga take, karen gidan bai hana shi zirga-zirga ba. Sannan an lulluɓe gawarwakin, na ɗakin ciyawa an rufe su da ciyawa da wani katako, 'yar aikin da zanin gado, yaron da suturar uwarsa, ni a ganina wanda ya san fuskokin nan ne ba ya son ya riƙa ganinsu yana wucewa. Da ɗan gari akan ci gari. Amma ɗan garin wane ne, nan kam na tsaya.

Tunda wasu sun tambaya har da mijin Viktoria bari in haɗa a nan. Karl Gabriel ya mutu a fagen yaƙi kusa da Arras a Faransa a watan Disamba 1914, ba a dawo da gawarsa gida ba shi ya sa aka yi ta cewa wai bai mutu ba ya dawo ya tarar da ɗan da ba nasa ba ya huce a kansu, har bayan yaƙin duniya na biyu wasu fursunonin yaƙi da suka dawo daga Rasha suka ce wani hafsan Sobiyet mai jin Jamusanci ya ce musu shi ne makashin. Sojojin da suke tare da Karl sun shaida sun ga gawarsa, kuma wasu daga masu labarin Rashan sun janye maganarsu. Ni ban ba wannan nauyi ba.

Tambaya: 'Yata, jikana ne ya karanta mini labarin nan kuma shi yake rubuta miki wannan. Ni ma a gidan gona nake zaune da iyalina nesa da gari, kin san halin da ake ciki a ƙauyukanmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaya za a yi mutum shida su mutu a yi kwana huɗu babu wanda ya sani? Ba su da maƙwabta ne? Daga wani dattijo a jihar Katsina.

Amsa: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya ya tsare ku da iyali. Wallahi tambayarka ita ce ta fi damuna a duk labarin, fiye ma da sanin wanda ya yi. Suna da maƙwabta Baba, kuma mutane sun zo gidan a kwanakin nan. Ranar Asabar wasu 'yan uwa biyu masu tallan kofi sun zo sun ƙwanƙwasa ƙofa da taga shiru suka tafi. Yarinyar ba ta je makaranta ba ranar Asabar ba ta je Litinin ba. Ranar Lahadi ba a gan su a coci ba alhali Viktoria tana cikin mawaƙan cocin kuma ba ta saba fashi ba. Mai raba wasiƙu ya zo Litinin ya ga saƙon da aka ajiye tun Asabar yana nan inda yake. Ranar Talata wani makanike ya zo gyaran injin yanka ciyawa ya jira bai ga kowa ba sai ya kama aikinsa ya yi wajen awa huɗu da rabi a harabar gidan, gawarwaki na bayan bango, ya gama ya shiga ƙauye ya bar sallahu cewa ya gyara inji amma fa bai ga kowa a gidan ba. Sai a nan aka tashi.

Kowa ya ga wani abu kowa ya ce ba ruwansa. Dalili kuwa mutanen gidan ba masu shiga jama'a ba ne, Andreas an san shi da rowa da faɗa, ga abin kunyar nan da ya sa mutane ke ja da baya, kuma su kansu ba sa son a leƙa su. Kwana huɗun nan su suka kashe binciken Baba, mai laifi ya samu lokaci ya gyara abin da zai gyara ya ɓoye makami ya tafi a natse. Da labari ya bazu kuma kafin 'yan sandan Munik su iso jama'a sun cika gidan sun tattake ko'ina sun taɓa gawa har da masu dafa abinci su ci a kicin ɗin. Hoto biyar kacal aka ɗauka a wurin.

Halin da kuke ciki ya sha bamban da nasu, ku gungun 'yan bindiga ne ke zuwa a kan babura, su kuwa da alama wani ne da suka sani. Ba zan ce maka ka tashi ko ka zauna ba, kai ka san ƙasarka fiye da ni. Abin da zan roƙe ka shi ne in ka ga baƙon sawu a bayan danga ko kwaɗo ya canza ko kare ya kwana yana haushi kada ka yi irin ta Andreas ka ce kai namiji ne za ka iya, ka faɗa wa mai unguwa ka faɗa wa 'yan uwa tun da rana, kuma a samu wani a cikin gari wanda in bai gan ku a masallaci ba ko bai ji wayarku ba yini ɗaya zai tako ya duba ba sai an roƙe shi ba.

Tambaya: Anti yanzu da ake da gwajin DNA ba za a iya tono maganar a gano ba? Daga wata malamar makaranta a Kano.

Amsa: Malama da wuya ƙwarai. An rushe gidan tun 1923, kuma a wurin rushewar ne ma aka tsinci digar da aka yi kisan da ita a ɓoye a saman rufi, wato shekara guda makamin na nan 'yan sanda ba su gan shi ba. Ƙoƙunan kai sun ɓace, shaidu duk sun mutu, wanda ya aikata ma ko wane ne ya daɗe a ƙasa. An yi wa mutum fiye da 100 tambayoyi, an sa ladan mark 100,000 (kuɗin Jamus na lokacin), an rufe fayil a 1955 amma ba a daina waiwayarsa ba don har 1986 an yi wa wani tambayoyi. A 2007 ɗaliban kwalejin 'yan sanda ta Fürstenfeldbruck sun ɗauki shari'ar a matsayin aikin karatu suka bi takardun da idon zamani, suka ce ba za a taɓa iya tabbatarwa ba saboda hujjojin da aka rasa, amma dukkansu hankalinsu ya tafi kan mutum ɗaya, sai dai sun ƙi faɗin sunansa saboda yana da zuri'a da ke raye. Ni na ga sun kyauta.

Su shidan suna kabari ɗaya a maƙabartar Waidhofen, inda gidan yake kuwa yanzu gona ce, an dai taɓa kafa wata 'yar alama a gefen hanya. In ana labarin nan kowa Viktoria da ubanta da maƙwabci yake ambata, ni kuwa Maria Baumgartner ce ke yawan faɗo mini, ba ta san rigimarsu ba ba ta san waye uban waye ba, aiki ta zo nema a gidan mutane da yammacin Juma'a kuma ko kwana ɗaya ba ta yi a ɗakin da aka ba ta ba.